Hutu a Istanbul da matashi: Unguwa ake fara zaɓa kafin otal

Idan iyali suka yanke shawarar zuwa hutu wani babban birni, yawanci hankalin uba yana kan kuɗin ɗaki, na uwa kuma kan tsafta da abinci. Wanda ba a cika tambaya ba shi ne ɗan shekara 14 ko 16 da za a tafi da shi, alhali shi ne zai fi kowa jin jiki idan masaukin bai dace ba.

Ƙaramin yaro duk inda aka ajiye shi zai zauna. Matashi kuwa ya fara son ɗakinsa da lokacinsa, yana son ya ɗan taka da ƙafarsa ba tare da an riƙe masa hannu ba. Idan aka kulle shi a otal mai nisa da komai, zai kwana ya wuni a kan waya, a dawo gida an kashe miliyoyin naira bai ga abin da aka je dominsa ba.

Birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya misali ne mai kyau, domin iyalai da 'yan kasuwa daga Najeriya da Nijar suna yawan zuwa can. Mutanensa sun haura miliyan 15, kuma mashigin ruwan Bosforus ya raba shi biyu, ɓangare ɗaya a Turai ɗaya a Asiya. A birni irin wannan, unguwar da aka sauka ita ke yanke yadda hutun zai kasance.

Tarkon otal mai araha

A shafukan kama ɗaki ana ganin manyan otal-otal masu tauraro biyar da farashi mai sauƙi a unguwanni irin su Beylikduzu da Esenyurt. Ɗakunan suna da faɗi, akwai wurin ninkaya, kuma adireshin ya ce Istanbul. Sai dai suna can yammacin birnin, nesa da wuraren da baƙi ke zuwa gani. Zuwa tsohon gari daga can yakan ci fiye da awa ɗaya, idan aka haɗu da cunkoson yamma kuma ya ƙaru.

Araha ba ta ado. Abin da aka rage a kuɗin ɗaki zai tafi a kuɗin tasi, kuma daga rana ta uku matashin zai fara cewa a tafi a bar shi a ɗaki.

Haka batun yake ga otal ɗin kusa da filin jirgi. Sabon filin jirgin Istanbul, wanda ya karɓi dukkan zirga-zirgar fasinja daga tsohon filin Ataturk a 2019, yana da nisan fiye da kilomita 40 daga tsohon gari. Ya dace da mai kwana ɗaya ya wuce, bai dace da mai mako guda ba.

Sultanahmet: tarihi a bakin ƙofa

Mafi yawan masu zuwa karon farko nan suke sauka. Masallacin Aya Sofiya, wanda aka kammala a shekarar 537 a matsayin coci kuma aka mayar da shi masallaci a karo na biyu a 2020, yana fuskantar Masallacin Sultan Ahmet. Fadar Topkapi ta sarakunan Daular Usmaniyya tana bayansa. Babbar kasuwar nan mai rufi, Kapali Carsi, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, sai dai ba ta buɗewa ranar Lahadi.

Amfanin unguwar shi ne a riga jama'a shiga layi da safe, a kuma samu sallar asuba a masallatai masu tarihi. Matsalarta ita ce dare. Da zarar an rufe wuraren tarihi sai unguwar ta yi tsit, abin da ya rage sai gidajen abinci masu tsada da aka buɗe don baƙi. Otal-otal da dama a nan tsofaffin gidaje ne da aka gyara, ɗakunansu ƙanana, wasu ba su da lifta. Ga matashi mai son tarihi, kwana biyu ko uku sun isa.

Laleli da Aksaray: unguwar sari

'Yan kasuwar da ke sayo tufafi da takalma sun san waɗannan unguwanni, saboda shagunan sari da kamfanonin aika kaya zuwa Afirka. Otal yana da sauƙi, kuma jirgin kan titi mai lamba T1 yana ratsa su zuwa Sultanahmet.

Haɗarin shi ne hutu ya koma fatauci. Uwa ko uba su shiga kasuwa tun safe, yaro ya zauna gadin jakunkuna. Wanda ya haɗa hutu da sari, gara ya ware wa kasuwa kwanakinta, sannan ya sauya masauki don sauran kwanakin.

Taksim, Galata da Sisli: inda gari ba ya barci da wuri

Titin Istiklal mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi na masu tafiya a ƙafa ne, cike da shagunan tufafi da na littattafai da masu sayar da kayan zaƙi har cikin dare. A ƙasansa akwai hasumiyar Galata da aka gina a 1348. Wannan yanki ne matasa suka fi so.

Amma lungunan da ke gefen titin suna da mashaya da gidajen rawa, kuma kiɗa yakan kai tsakar dare. An kuma san yankin da 'yan damfara masu yi wa baƙo fara'a, su gayyace shi shan wani abu, a ƙarshe a kawo masa lissafin da ya fi ƙarfinsa. Saurayin da ke yawo shi kaɗai ya kamata a gargaɗe shi tun daga gida.

Iyalin da ke son wannan yanki ba tare da hayaniyarsa ba sukan matsa zuwa Sisli ko Osmanbey, a kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M2. Nan babban kantin Cevahir yake, kuma ta wannan layin ake zuwa filin wasan Galatasaray, ƙungiyar da Victor Osimhen ya koma a 2024. Shiga wasan gasar Turkiyya yana buƙatar rajista a tsarin Passolig, don haka a shirya kafin ranar wasa.

Kadikoy da Uskudar: tsallaken ruwa

A ɓangaren Asiya rayuwar 'yan gari ta fi ta baƙi yawa, kuma abinci yakan fi sauƙi. Jirgin fito daga Kadikoy zuwa Eminonu yana ɗaukar kimanin minti 20, kuma hawansa kaɗai yawon buɗe ido ne. Akwai kasuwar kayan abinci, da bakin ruwan Moda inda matasa ke zama da yamma, da filin wasan Fenerbahce. Kadikoy ma tana da titunan mashaya, don haka a duba titin da otal yake.

Uskudar ta fi natsuwa, masallatai sun yi mata yawa. Daga nan jirgin Marmaray, wanda ya fara ratsa ƙarƙashin ruwa a 2013, yana kai mutum Sirkeci da ke gefen tsohon gari cikin 'yan mintuna.

Ɗaki ɗaya ko biyu?

Wannan ne wurin da iyalai da yawa ke tuntuɓe. Addini da al'ada sun tanadi raba makwanci idan yaro ya girma, kuma kunyar da ke tsakanin uba da 'yarsa budurwa, ko uwa da ɗanta saurayi, ba ta tsayawa a filin jirgi. Abin da wasu otal ke kira ɗakin mutum uku, sau da yawa ɗakin mutum biyu ne da aka cusa wa ƙaramin gado. Otal-otal da dama kuma suna lissafa wanda ya kai shekara 12 a matsayin babba.

Mafita ita ce ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, kuma a nemi otal ɗin ya tabbatar da hakan a rubuce. Wata mafitar ita ce gidan haya na kwanaki, mai kicin da injin wanki. Tun farkon 2024 dokar Turkiyya ta wajabta wa masu ba da hayar gida ta kwana 100 ko ƙasa da haka su mallaki lasisi, saboda haka a nemi lambar lasisin kafin a biya.

Wani abin lura shi ne, tun 2017 wata kotu ta hana Booking.com sayar da ɗakunan otal ɗin Turkiyya ga wanda ke cikin ƙasar. Mai niyyar sauya masauki a tsakiyar tafiya ta wannan shafin, ya kama ɗakunan tun yana gida.

A ba shi taswira

Kafin a biya ko sisi, a buɗe taswira a auna: minti nawa ne a ƙafa daga ƙofar otal zuwa tashar jirgi? Idan ya wuce goma, a sake tunani. A duba ko akwai shago da wurin cin abinci a kan titin, inda matashi zai iya sauka ya sayo ruwa ko burodi ya dawo. A karanta abin da waɗanda suka taɓa sauka suka ce game da ƙarfin intanet da hayaniyar dare. Dogon hutun makarantu yana faɗowa a lokacin zafi da cikar baƙi, hutun Disamba kuma cikin sanyi da ruwan sama, don haka a tambayi na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumama shi.

Daga nan iyaye su tace unguwanni biyu ko uku da aljihunsu zai ɗauka, su miƙa wa yaron ya zaɓa. Idan an isa, a saya masa katin Istanbulkart nasa na shiga jirage, a sa masa layin waya, a ba shi katin otal mai adireshi ya sa a aljihu. Wanda aka yi shawara da shi tun farko ba ya yawan ƙorafin hanya, kuma galibi shi ne zai koya wa iyayensa tashar da za su sauka.