Motar Kaya Mai Tafiya A Kan Sarƙa

Iyayenmu da suka ga aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, har yau suna ba da labarin katafila. Sukan ce sun ga ƙatuwar mota marar taya tana ratsa laka, a wurin da akori-kura ke kafewa. To, sojoji ma suna da motar ɗaukar kaya mai irin wannan ƙafa, ita ce kuwa nake so in yi mana bayaninta.

Asirin abin ba wuya gare shi ba. Ku dubi jaki da raƙumi a cikin rairayi. Raƙumi ya fi nauyi nesa ba kusa ba, amma kofaton jaki ne ke nutsewa, domin tafin raƙumi yana da faɗi, nauyinsa sai ya bazu. Haka sarƙa take. Taya tana taɓa ƙasa a ɗan ƙaramin wuri, ita kuwa sarƙa faranta ne na ƙarfe da aka harhaɗa, suna kwance tun daga gaban mota har bayanta. Wani gargare mai haƙora ne ke jan sarƙar, sauran gargarorin suna bi ta kanta. Watau dai motar tana shimfiɗa wa kanta hanya, ta taka, ta naɗe abinta. In direba zai yi kwana, sai ya rage gudun sarƙar gefe ɗaya.

Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Holt ya gwada tarakta mai sarƙa a 1904, saboda manoman da gonakinsu ke da taɓo. Kamfaninsa ne ya haɗu da wani a 1925 suka zama Caterpillar, daga nan muka samo kalmar katafila. A Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, sojojin Ingila sun ja manyan igogi da taraktocin Holt.

Daga baya aka ƙera motar kaya ta musamman. Misali shi ne M548 ta Amurka, wadda ta fito a shekarun 1960, aka yi aiki da ita a yaƙin Biyetnam. Jikinta alminiyam ne don kada ta yi nauyi. Injinta man gas yake sha. Gaba akwai mazaunin mutum 4, baya kuwa bodi ne mai rufin tamfol, yana ɗaukar kaya fiye da tan 5. Aikinta ta bi bayan igwa da harsasai da mai da abinci. Ba ta da sulke irin na tankar yaƙi, amma tanka ba ta daɗewa a fagen fama in babu irinta, gama da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Motar sarƙa ta fi ta taya shan mai, ba ta kai ta gudu ba, sarƙar tana saurin cinyewa, kuma tana ɓata kwalta. Shi ya sa in tafiya ta yi nisa akan ɗora ta a kan tirela. In kuwa ta ratsa gonar gero, ranar mai gona ba zai yi barci ba.

'Yan'uwana ɗalibai, mun san yadda hanyoyin ƙauyukan Bakura da Maradun da Mafara suke zama da damina, sa'ad da marar lafiya da buhun taki duk sukan kwana a bakin fadama. Dabarar nan ta baza nauyi asalinta ta manoma ce, sojoji arar ta suka yi. Lissafin da malam ke koya mana ne, na raba nauyi da faɗin wuri, kuma wanda ya riƙe shi da kyau, wata rana shi zai ƙera mana abin da zai fitar da kayanmu daga laka.