Shirin Musamman: Tukunya Biyu da Yashi a Wagini

Yau shirinmu ya nufi yammacin Jihar Katsina, garin Wagini da ke Ƙaramar Hukumar Batsari, maƙwabciyar Safana, can kusa da dajin Rugu. Ƙasar rogo da dankali ce, ga gero da dawa, ga kuma 'yan lambu a fadamu idan rani ya yi. Abin da ya kai mu shi ne kayan miya, da yadda za a hana su lalacewa a gidan da ba a dogara da wutar lantarki ba.

Kowa ya san halin da yankin ya shiga a shekarun nan. Matsalar tsaro ta sa zuwa gona mai nisa ko kasuwar wani gari ba abu ne na kullum ba. Idan maigida ya samu ya yi cefane, so ake ya kai kwanaki. Amma a zafin Maris da Afrilu, tumatirin da aka sayo yau, kafin gata ya fara ruwa, alayyafo kuwa ko kwana ɗaya ba ya yi. Kuɗi ne ake kwashewa a zuba a juji.

Maganin da za mu fara da shi ɗan Arewa ne ya yaɗa shi. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, shi ya ɓullo da dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990. Ya raba dubban tukwane a ƙauyukan Jigawa, kuma a shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki. A gwajin da ya yi, yalo da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi kusan mako 3, alayyafo ya kai kwana 12. Wani abin da ya dame shi shi ne 'yan mata da ake hana zuwa makaranta don su yi tallar kayan lambu kafin su ruɓe. Idan kaya za su jira, ba dole a yi talla kullum ba.

Ga yadda ake yi, uwargida, a kasa kunne. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, yadda ƙaramar za ta shiga cikin babbar a bar tazarar yatsu biyu ko uku. A zuba yashin rafi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar har bakinsu ya daidaita, sannan a cike tazarar da yashi. A zuba ruwa a hankali har yashin ya jiƙe sharaf. Kayan miyan su shiga ƙaramar tukunyar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Safe da yamma a ƙara ruwa. Ruwan ne ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin ciki, daidai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Shi ya sa babbar tukunyar ba ta son fenti ko siminti, kuma kada a cusa ta a kusurwar ɗakin da ba taga.

Sai dai dabarar ta fi ci a lokacin hunturu da bazara, sa'ad da iska take a bushe. Da damina ta kankama, sanyin kan ragu. Alhamdu lillahi, a lokacin ne kuma zogale da rama da yakuwa ke bayan gida, a tsinko a dafa.

Kuma ba komai ake jefawa a tukunyar ba, nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Albasa ba ta son laima ko kaɗan, a baza ta a inuwa ko a rataye ta inda iska ke ratsawa. Nunannen mangwaro da ayaba suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke gaggauta nunar duk abin da ke kusa da su, don haka a raba su da ganye. Tumatirin da ya fashe kuwa a ware shi a yi miyar yau da shi. Wanda ya yi funfuna, a haƙura a zubar. Rowa a nan ba ta da riba, don lafiya ta fi tumatir tsada.

Rogo, wanda mutanen Batsari suka fi kowa saninsa, ma'ajiyarsa ita ce ƙasar da ya fito. Da an tone shi, kwana biyu zuwa uku ya fara baƙin zane a ciki. A toni daidai buƙata. Idan kuwa dole ta sa an kwashe gona gaba ɗaya, a fere, a jiƙa, a shanya, ya zama alabo. Ɓawon ma a shanya shi ya bushe sosai kafin a ba awaki, saboda ɗanyensa kan yi musu illa. Dankali kada a wanke shi kafin ajiya, kuma wanda fartanya ta sara shi za a fara ci.

Saura kauɗa. Wajen Fabrairu da Maris tumatir kan yi araha har manomi ya rasa mai saye, amma zuwa farkon damina ya zama sai mai hali. Masu sauraro za su tuna shekarar 2016, lokacin da ƙwaron nan da manoma ke kira sharon ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Gidan da ke da buhun kauɗa da busasshen tattasai bai ji jiki kamar saura ba. Abin da ba mu so shi ne shanya a gefen titi ko a ƙasa tsura, inda ƙura da kaji da tumaki ke bi ta kai. A ɗaga tabarma a kan rumfa ko gadon kara, a yanka tumatirin falle-falle, a riƙa juyawa, kuma kada a ɗure a buhu sai ya bushe ƙayau. Kuɓewa ma haka. Ganyen zogale da kuka da lalo kuwa inuwa suke so, domin rana tana ƙone korensu ta rage musu amfani.

Tuwon da ya kwana dai ba sai mun koya wa kowa ɗumame ba, ƙanzo ma a shanya shi a ajiye. A nan za mu dakata.