FASHIN BAƘI: Yadda kafaffen noti ke riƙe siririn ƙarfe ba tare da walda ba

A Kalmalo da ke Ƙaramar Hukumar Illela a Jihar Sakkwato, daf da iyakar Nijar, siririn ƙarfe ya shiga harkokin yau da kullum: akwatin batirin sola, murfin injin ban-ruwa na masu noman rani a bakin tafki, jikin keke-napep, da ƙofar shago. Matsalarsu ɗaya ce. Sukuru yakan kwance a hanya, murfi ya faɗi, ƙura ta shiga inji.

Dalilin a lissafi yake. Tazarar da ke tsakanin haƙoran sukuru mai lamba M6 milimita 1 ce. Ƙarfen da kaurinsa bai wuce milimita 1 ba kuwa, haƙori ɗaya kacal zai kama. Da an ɗaure an kwance sau kaɗan, ramin ya zarme. Noti na yau da kullum zai magance wannan, amma sai hannu ya kai baya ya riƙe shi da sifana, abin da ba ya yiwuwa a cikin bututu ko rufaffen akwati. Kafaffen noti shi ne wanda ake dasawa a jikin ƙarfen, ya zauna daram ko an zare sukurun.

Nau'i na farko shi ne noti mai tattarewa, wanda kamfanin BFGoodrich na Amurka ya ƙirƙiro a shekarun 1930 domin liƙa roba a fukafukan jirgin sama. Ana zura shi a rami, a ja shi da wata na'urar hannu, sai gindinsa ya tattare ya damƙi ƙarfen ta baya. Daga gefe ɗaya ake aikin, shi ya sa ya dace da bututun da ke ɗauke da farantin sola. Mai lamba M6 yana son rami na milimita 9. Idan ramin ya zarce haka, notin zai riƙa juyawa tare da sukuru.

Na biyu shi ne noti mai maƙalewa a bakin ƙarfe kamar shirin zane. Albert Tinnerman ya samar da shi a 1923 domin haɗa murhun girki. Yana da arha da saurin sawa, amma na ƙaramin nauyi ne, kamar murfin babur.

Na uku noti ne da ke zaune cikin ɗan keji mai tsauri, ana tura shi a rami mai kusurwa huɗu. Yana ɗan motsi, don haka ko ramuka ba su yi daidai ba, sukuru zai shiga. Shi ake gani a akwatunan na'urorin sadarwa.

Na huɗu ana danna shi da injin matsi har ƙarfen ya shige cikin tsaginsa. Kamfanin Penn Engineering, wanda aka kafa a 1942, ya yi suna da shi. Sharaɗinsa shi ne notin ya fi ƙarfen tauri, kuma guduma ba ta maye gurbin injin.

Na biyar shi ne wanda aka fi sani a wajen masu walda, wato noti da ake liƙawa da wuta. Yana da ƙarfi, sai dai wuta na huda siririn ƙarfe, tana ƙone fenti ta buɗe wa tsatsa ƙofa. Hayaƙin kwano mai rufin zinki kuma yana sa zazzaɓi. Idan za a yi walda a akwatin sola, wajibi ne a fara cire batir da na'urorin ciki.

Kafin a saya, mai aiki ya auna kaurin ƙarfen, ya duba ko hannu na kaiwa baya, ya kuma ƙiyasta sau nawa za a riƙa buɗe wurin. Inda ruwa ke taɓawa, kamar injin ban-ruwa, noti marar tsatsa ya fi daɗewa.