Ciwon dajin nono da kaluluwar hammata

Ciwon dajin nono shi ne dajin da ya fi kama mata a Nijar. Yana farawa da ɗan ƙullutu cikin nono. Sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi.

Ina ciwon yake bi?

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu ƙananan hanyoyin ruwa cikin jiki. Ruwan nono na wannan hanya yana gangarawa zuwa hammata. A can akwai ƴan ƙulle-ƙulle masu tace shi kamar rariya. Su ne in sun kumbura muke ce musu kaluluwa. In ƙwayoyin daji sun ɓalle daga ƙullutu, nan suke fara sauka. Daga nan suna iya kai wa ga ƙashi, huhu ko hanta.

Me likita yake dubawa?

Na ɗaya, girman ƙullutu. Wanda bai kai santimetir 2 ba, kamar ɗan magarya, galibi bai isa hammata ba. Wanda ya wuce santimetir 5, kamar ƙwan kaza, fiye da rabi sun riga sun isa.

Na biyu, halinsa. Likita yana ɗibar ɗan tsoka a duba da madubin likita. Wani dajin mai sanyin tafiya ne, wani mai gaggawa. In an ga ƙwayoyinsa cikin hanyoyin ruwan nan, to ya kama hanya. Saboda haka ko ƙaramin ƙullutu ba abin rainawa ba ne.

Na uku, fata. In ta yi kauri kamar ɓawon lemu, ko ta fashe ta zama gyambo, ciwo ya yi nisa.

Ba kowace kaluluwa ba ce daji. Ta ƙurji ko ta miki tana zafi, kuma takan sace in mikin ya warke. Ta daji takan yi tauri, ba ta sacewa.

Me za mu yi?

Kowane wata, bayan al'ada, mace ta lalubi nononta da hammatarta da tafin yatsu. In ta ji ƙullutu, kada a tsaga shi, kada a sa masa wuta. A je gidan likita mafi kusa. Daga can za a tura ta asibitin Ƙonni, Illela, Galmi ko Tawa. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji, inda aka fara gashin daji da na'ura a shekara ta 2021.

Maigida, kai ma da aikinka: ba da izini, ba da kuɗin mota, ka raka ta. Ciwon da aka tarar kafin ya kai hammata ya fi jin magani ƙwarai. Tun ana ɗan magarya ake zuwa, ba a jiran ƙwan kaza.