Birkin da Ke Kamawa Yanzu Ya Saki An Jima

Birkin da ya mutu murus bai cika jefa mutum cikin hatsari ba, domin mai babur ya san abin da yake hawa: ko dai ya tura shi gareji, ko ya lallaɓa ta gefen titi. Wanda ke kai mutane asibitin ƙashi shi ne birkin da zai kama da safe, ya kama da rana, sai da yamma a bakin mahaɗa, daidai lokacin da yaro ya ɓullo a guje, a matsa a ji wayam. Bayan minti biyar kuma ya dawo kamar ba shi ba. A kai wa bakanike, ya matsa na hannu sau uku, ya taka na ƙafa, ya ce, "Oga, ai birkinka ƙalau yake." Ba ƙarya ya yi ba, a wannan lokacin ƙalau ɗin yake.

Irin wannan matsala tana da sharaɗi. Akwai yanayin da in ya samu birki zai saki, in ya gushe ya koma daidai, kuma galibi bai wuce zafi, ruwa, nauyin kaya ko girgizar hanya ba. Babu ko ɗaya daga cikinsu a gareji, inda babur ke jingine a inuwa, a sanyaye, ba kowa a kansa. Don haka rabin binciken a bakin mai babur yake, tun kafin a ɗauki sifana. Na gaba ne ya saki ko na baya? A gangare ne, ko bayan an ratsa ruwa, ko da buhu biyu a baya? Tambayar da ta fi duka amfani ita ce yadda hannun birkin ya kasance a lokacin. Idan yana nan da taurinsa amma babur ya ƙi tsayawa, laifin yana wurin da fatar birki ke gogar ƙarfe. Idan kuwa ya tafi luu har ya taɓa mariƙi, to ƙarfin hannunka bai kai ga taya ba, a hanya ya salwanta, cikin waya ko cikin mai.

Yawancin baburan haya da na kai kaya kasuwa a ƙasar Hausa, irin su Boxer na kamfanin Bajaj, birkin dirom gare su gaba da baya. Fata biyu ne lanƙwasassu a cikin cibiyar taya, da wani ɗan ƙarfe a tsakaninsu wanda in ya juya sai ya buɗa su su dafe bangon dirom. Aikin kowane birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi, kuma lissafin ba ya sassauci: in gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ya ninka huɗu. Dirom kuwa a rufe yake, iska ba ta ratsa shi sosai. In ya yi zafi ƙarfensa yana buɗewa ya nisanci fata, ita ma fatar kamunta ya ragu. Wanda ya taɓa saukowa daga tsaunin Mambila ko gangaren Filato da kaya ya san wannan. Tun da fetur ya yi tsada a 2023, ɗabi'ar kashe inji a gangare don tsimin mai ta ƙara yawa, kuma ina ganin tana cikin mafi munin abin da ɗan acaɓa zai yi wa kansa da fasinjansa. Inji a ƙaramar giya shi ke riƙe babur a gangare. In an kashe shi, duk nauyin ya koma kan fatar da kaurinta bai wuce 'yan milimita ba.

Fatar da ta sha irin wannan zafi takan yi santsi tana ƙyalli. In bai yi nisa ba, samfefa na gyara ta, a goge cikin dirom ɗin ma. Kada a hure ƙurar da baki, a share ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin wasu fatun masu araha har yanzu da asbestos a cikinsu, kuma yana lalata huhu. Ruwa shi ne mafi sauƙin sha'ani. Bayan an ratsa kwata da damina ko an fito daga wurin wanki, a ɗan riƙe birki sama-sama ana tafiya a hankali har ya bushe. Maiƙo ya fi shi ta'adi. Giris ɗin boris yakan narke in taya ta yi zafi, ya tsiyayo ta mataccen sil ya shafi fata, birki ya yi sulɓi, in an huce ya ɗan dawo. Fatar da ta sha maiƙo ba ta wankuwa da fetur. A sauya ta, a sauya sil ɗin da ya jawo abin.

Akwai wata illa da ake yi wa birkin baya da hannu. Fata na cinyewa, mai babur na ƙara ɗaure notin da ke ƙarshen sandar birki, yau zagaye biyu, mako mai zuwa uku. A ƙarshe ƙarfen da ke buɗa fata sai ya kusa kwantawa gaba ɗaya kafin fata ta taɓa dirom. A nan wani takun ya kama, wani ya wuce fayau, wani kuma ya maƙale ya ƙi sakin taya. Babura da yawa suna da 'yar kibiya a jikin hannun da sandar ke ja. In aka taka birki ta kai ga alamar da ke jikin murfi, fata ta ƙare, babu sauran ɗauri. Masu cire hannun su matsar da shi haƙori ɗaya, ko su cusa guntun gwangwani a bakin fata, ranar hatsari kawai suke ɗagawa. Fatar jabu ma na jawo irin wannan matsala, domin gam ɗinta kan saki ta ɓalle daga ƙarfenta tana yawo a cikin dirom. Gindin ƙarfen mai juyawa shi ma yakan cije da tsatsa da ƙurar hunturu. A zare shi, a goge, a shafa giris ɗan kaɗan yadda ba zai kai ga fata ba.

Wayar birkin gaba silli-silli take tsinkewa, kuma sillin da ya tsinke yana sarƙewa a cikin bututunta, wani lokaci ya ja, wani lokaci ya cije. In ka ga ko guda ya tashi a kusa da hannu, sabuwa za a saya. Sannan duk ranar da aka ja sarƙa, tayar baya ta matsa, tazarar birkin ƙafa ta sauya ke nan. A yawancin ƙananan babura ana son takun ƙafa ya yi wasan milimita 20 zuwa 30 kafin ya fara kamawa, na hannu kuma 10 zuwa 20. In babu wannan wasa, da an ɗora kaya baya ya zauna sai fata ta riƙa gogar dirom ba a sani ba, ta yi zafi tun ba a taka ta ba.

Birkin mai, wanda ke matse faifan ƙarfe a tayar gaba, ya fi ƙarfi, amma ɓoyayyun cututtukansa sun fi yawa. Ya dogara ne da abin da Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17, ya bayyana: in aka danna ruwa a rufaffen wuri, dannin yana isa ko'ina a cikinsa, domin ruwa ba ya matsuwa. Iska da tururi kuwa suna matsuwa. Man birki yana da halin zuƙar danshi daga iska sannu a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma in ruwan da ya sha ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idarsa ta sauko zuwa 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 ne zuwa 140. A doguwar gangara man da ke kusa da taya ya tafasa, tururi ya taru a bututu, hannu ya yi laushi kamar ana matsa soso. Da an tsaya ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo garau, babu wata shaida da ta rage sai duhun man da ke cikin ɗan tankin man birki. Dalilin da ya sa ake sauya shi duk shekara biyu ke nan ko da bai ragu ba, kuma daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Man inji ko na giya in ya shiga, yana kumbura robobin ciki har su lalace. DOT 5 kuma na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran.

Gwaji biyu suna tona abin da ido ba ya gani. Matsa hannun birki a hankali ka riƙe na rabin minti. In yana nutsewa sannu-sannu alhali babu yoyo a waje, robar famfon da ke kan babur ta gaji, mai na zagayawa ta gefenta. Irin wannan roba takan riƙe in an fizga da ƙarfi, ta saki in an matsa a hankali, shi ya sa take wuce gwajin gareji. Na biyu, a ɗaga tayar gaba a girgiza ta hagu da dama, sannan a juya ta ana kallon faifan. Boris da ya yi lako-lako ko faifan da ya lanƙwashe yana tura fistin da ke matse fata baya a lokacin tafiya, sai matsawar farko ta tafi a banza, ta biyu ta kama. Duk mai cewa sai ya yi famfo sau biyu birkinsa ke ci, a duba masa wannan tare da iska a bututu.

A duba kuma ƙafar shokin gaba, ko mai na gangarowa kan faifai. A cikin ɗan tankin akwai wata ƙaramar ƙofa da mai ke komawa ta cikinta in an saki hannu. In datti ya toshe ta, birki zai riƙa kama kansa yana ƙara zafi har man ya tafasa. In mai ya yi ƙasa, kafin a ƙara a nemi inda ya tafi: ko fata ta cinye, ko akwai yoyo.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. A sa siririn tiyo a kan ɗan notin da ke jikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse fata a jikin faifai, ɗaya bakin a cikin kwalba. Ɗaya ya matsa hannu ya riƙe, ɗayan ya buɗe notin kaɗan, ya rufe kafin a saki. A maimaita har mai ya fito fes ba kumfa, ana ƙara sabo a sama kada tankin ya ƙafe. A kiyaye fenti, domin man birki na cin sa.

Ba a cewa gyara ya kammala sai an mayar da babur cikin yanayin da ya saba sakin birki. In da kaya ne, a ɗora kayan. In zafi ne, a sami fili marar jama'a a yi ta tsayawa a jere daga matsakaicin gudu, ana lura ko hannu na sauyawa. Sabuwar fata ba ta kamawa sosai sai ta zauna, don haka a bi ta a hankali a kwanakin farko. Daga nan a yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu ba tare da an taɓa birki ɗaya ba, a tsaya da ɗayan, a kai bayan hannu kusa da dirom ko faifan da ba a yi aiki da shi ba. In da zafi, yana goga, sai a koma a sake duba tazararsa.