Zongon Kwatano: abin da iyaye mata ya kamata su sani kan canjin nono da fatarsa a jikin 'yan mata

Duk watan Oktoba, gidajen rediyo da shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp a Jamhuriyar Benin kan cika da saƙonnin "Octobre Rose", watan faɗakarwa kan sankarar mama. Saƙon yana shiga gidajen Zongon Kwatano kamar yadda yake shiga sauran unguwanni: mace ta duba jikinta, in ta ji ƙululu ko ta ga fata ta canza, ta hanzarta zuwa asibiti. An tsara wannan kira ne domin manyan mata, amma 'yan mata masu shekara 12 zuwa 17 ma suna jin sa, a daidai lokacin da ƙirjinsu ke canzawa kusan kowane wata. Wata takan ɓoye tsoronta saboda kunya, wata kuma takan faɗa wa ƙawa, a haɗa ta da maganin da zai fi ciwon illa.

Likitoci sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: sankarar mama a jikin yarinyar da ba ta kai shekara 20 ba abu ne da ba kasafai ake ganinsa ba, har likita kan iya gama aikinsa bai ci karo da ita ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 an gano cutar a jikin mata miliyan 2.3 a duniya, ta kuma kashe kusan 670,000, kuma haɗarinta yana ƙaruwa ne da shekaru, musamman daga 40 zuwa sama. A Kwatano ma, sakamakon farko na rajistar masu ciwon daji ta birnin, na shekarun 2014 zuwa 2016, ya nuna cewa ita ce kan gaba a cikin ciwon dajin da ke kama mata. Amma waɗanda take kamawa iyaye ne da gwaggonni, ba 'yan makarantar sakandare ba.

Ƙirgen dangi ba cuta ba ne

Nono kan fara fitowa tsakanin shekara 8 zuwa 13. Farkonsa wani ɗan ƙululu ne mai tauri a ƙarƙashin kan nono, kamar ƙwayar gyaɗa, wanda kan yi zafi in an taɓa ko riga ta goge shi. Sau da yawa gefe ɗaya ne ke riga ɗaya fitowa, har da ratar watanni, kuma a nan ne hankalin uwa ke tashi. Wannan ƙululun shi ne tushen nonon gaba ɗaya. Idan wanzami ya yi masa tsaga ko sakiya, ko aka matse shi da ƙarfi, ana iya lalata shi har nonon ya ƙi girma ko ya fito a karkace. Haka nan dannar ƙirji da dutse ko muciya mai zafi don hana shi fitowa, al'adar da aka fi sani a Kamaru, tana jawo ƙuna da ƙurji da tabo.

Jinin al'ada kan zo ne kimanin shekara biyu bayan fara ƙirgen dangi. Daga nan nono kan yi nauyi, ya yi tsami, a ji kamar da 'yan gudaje a cikinsa kwanaki kaɗan kafin al'ada, sannan ya saki bayan ta wuce. Bambancin girma tsakanin dama da hagu ma ya zama ruwan dare, kuma mata da yawa haka suke har tsufa.

Abin da ake gani a fata

Nankarwa ita ce ta fi tayar da hankali. Idan nono ya yi saurin girma, fata takan miƙe, sai layuka su bayyana, da farko masu duhu ko ja-ja, daga baya su dushe su yi haske. Ba su da alaƙa da ciwon daji. Baƙin da ke kewaye da kan nono kan ƙara faɗi da duhu, kuma 'yan ƙananan ƙuraje kan fito a kansa. Waɗannan ƙofofin maiƙo ne da ke hana wurin bushewa, ba a matse su. Ya kamata iyaye su san cewa balaga kaɗai tana kawo waɗannan alamu, don kada a ɗora wa yarinya zargin ciki ko lalata saboda kawai fatarta ta canza. Tsoron irin wannan zargi na cikin abin da ke sa 'yan mata yin shiru.

Yanayin Kwatano ma yana da nasa rabon. Birnin na tsakanin teku da tafkin Nokoué, iska na ɗauke da danshi kusan duk shekara, ga damina biyu. Yarinyar da ta wuni da rigar mama ta leda, ga riga ga hijabi, tana taya uwarta tsare shago ko tana kai-komo zuwa kasuwa, gumi kan taru mata a ƙarƙashin nono. Daga nan ƙurajen zafi ke fitowa, ko wurin ya saɓule, ya yi ƙaiƙayi da wari saboda ƙwayar cuta irin ta makero da ƙyasbi. Maganin farko shi ne wanka, a busar da wurin sosai, a sa rigar mama ta auduga wadda ba ta matse ba, a kuma canza ta kullum. In bai lafa ba, likita zai rubuta man shafawa da ya dace. Ƙaiƙayi da ɓarewar fata a kan nono kuma sau da yawa daga sabulu mai ƙarfi ne, ko turare, ko yadin rigar.

Akwai kuma mayukan sauya launin fata da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Da yawansu na ɗauke da sinadaran kotikoyid masu ƙarfi irin su clobetasol, ko hydroquinone. Yawan shafa masu kotikoyid yana sirantar da fata, ya haifar da nankarwa mai faɗi wadda ba ta gogewa, ya kuma buɗe ƙofa ga makero da ƙuraje. Yarinyar da ta shafa irin wannan mai don ta ɓatar da nankarwar balaga, ƙara ta take yi.

Ƙululun da ke motsi

Idan aka sami ƙululu na gaske a nonon budurwa, mafi yawan lokuta abin da likitoci ke kira fibro-adenom ne. Yana da santsi, yana da ɗan tauri kamar roba, yana zillewa a ƙarƙashin yatsa, galibi ba ya ciwo, kuma girmansa kan tsaya tsakanin santimita 1 zuwa 3. Ba ciwon daji ba ne. Wasu kan ƙanƙance da kansu, shi ya sa likita kan ce a dawo bayan 'yan watanni a sake aunawa. Ana cire shi ne in ya wuce santimita 5, ko yana girma da sauri, ko yana damun mai shi.

Gwajin da ya dace da 'yan mata shi ne hoton ekografi, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Ba ya ciwo, ba a huda jiki. Mamografi kuwa an fi yi wa manyan mata, domin naman nonon budurwa yana da kauri, hoton ba ya fita sosai.

Yaushe za a je asibiti ba tare da jira ba?

Akwai alamun da ba a zama a kansu: ƙululu mai tauri da ba ya motsi, ko wanda ke ƙara girma, ko wanda bai tafi ba bayan al'ada ta zo ta wuce, jini ko ruwa da ke fita daga kan nono da kansa, fatar da ta kumbura ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, gyambon da ya ƙi warkewa bayan mako biyu zuwa uku, kan nono da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, da kaluluwa a hammata da ta daɗe. Kumburi mai zafi tare da zazzaɓi alamar ƙurji ce da ke buƙatar magani cikin gaggawa. A baƙar fata ba lallai wurin ya yi ja ba, yana iya ƙara duhu ne ya yi sheƙi. Haka kuma a kai yarinya in nono ya fara fitowa kafin shekara 8, ko ta cika 13 babu alamarsa.

Tarihin gida ma yana da muhimmanci. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na sankarar mama na da nasaba da gado, musamman ta ƙwayoyin halittar da ake kira BRCA1 da BRCA2. Idan uwa, ko 'yar'uwa, ko gwaggo ta yi cutar tana da ƙuruciya, a faɗa wa likita, kuma dangin uba na cikin lissafi.

Matakin farko shi ne asibitin unguwa, wurin ungozoma ko likita. Mai jin nauyi tana da damar neman mace ta duba ta, kuma uwarta ko yayarta ta tsaya kusa. Idan ana buƙatar ƙarin bincike, za a tura su babban asibitin koyarwa na CNHU Hubert Koutoukou Maga, ko asibitin mata da yara na CHU-MEL da aka fi sani da HOMEL. Wadda ba ta jin Faransanci sosai ta tafi da wadda za ta yi mata tafinta, ta kuma riƙe kwanan watan al'adarta ta ƙarshe da duk man da take shafawa.

Ita uwar fa?

Ajiye kuɗi ko wayar salula a rigar mama, kamar yadda 'yan kasuwa ke yi, ba a tabbatar yana jawo sankara ba. Bugu a ƙirji ba ya jawo ta, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Maganar da ta fi ɓarna ita ce wadda ake yawan ji daga Zongon Kwatano har Maraɗi da Kano, wai daji ba ya son allura ko ƙarfe. Ita ke sa mata su shafe watanni suna shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ciwo ya fashe a kai su asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 na masu cutar na raye shekara biyar bayan gano ta, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40, kuma jinkirin ganowa na cikin manyan dalilan wannan rata. Shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 yana son a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana matakin farko ko na biyu, a kuma kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti.

Don haka ranar da uwa ta hau zem ta raka 'yarta a duba mata nankarwa ko ɗan ƙululu, mai yiwuwa yarinyar ta dawo gida da man shafawa ko da umarnin ta dawo bayan wata uku. Uwar kuwa, in ta kai shekara 40, ko ta daɗe tana jin wani abu a jikinta ba ta faɗa wa kowa ba, ta nemi a duba ta ita ma kafin su bar asibitin.