Akwatin da ke gadin kifi: yadda muka haɗa na'urar kula da tankunan tarwaɗa a Dugoi

Ɗan kasuwar da ke yawo tsakanin garuruwa yana da damuwa iri biyu: ta kayan da ke kan hanya, da ta abin da ya bari a gida. Ta farko an saba da ita tun zamanin fatake. Ta biyu kuwa ta ƙaru a 'yan shekarun nan, tun da gidaje suka fara kiwon kifi cikin tankunan siminti da na roba a tsakar gida. Akuya in ta ji ƙishirwa za ta yi kuka, kaza ma za ta tada hankalin gida. Kifi ba ya kuka. In ruwa ya lalace masa da tsakar dare, sai dai a wayi gari a gan shi ya juya ciki sama.

Ni mazaunin unguwar Dugoi ne a Marwa, wadda ake rubutawa Dougoï a takardun hukuma. Sana'ata albasa, ina kai ta Garwa, wani lokaci in zarce kudu, wani lokaci in ƙetara Najeriya. A wata guda da wuya in kwana goma sha biyar a gida. Kiwon tarwaɗar da ke gidanmu na uwargida ne: tankuna huɗu na manya, da ƙaramin ɗaki na ƙyanƙyasa inda take fitar da 'ya'yan kifi ta sayar wa masu kiwo. Daga nan kuɗin makarantar 'yan mata ke fitowa. Abin da zan ba ku labari shi ne wani ɗan akwati da muka haɗa da hannunmu, wanda ke sa ido a kan ruwan dare da rana, ya kira mu in abu ya tashi lalacewa.

Abokan gaba guda uku

Kifin da muka tashi muna ci a wannan yanki na madatsu ne da koguna: na Lagdo da ke kan kogin Binuwai kudu da Garwa, wanda aka kammala a 1982, na Maga da aka gina a 1979 saboda noman shinkafa, da na tafkin Cadi. Marwa kuwa kogunanta, Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga, yashi ne zalla a yawancin watannin shekara. Shi ya sa ɗanyen kifi ke da daraja a garin, kuma shi ya sa mai tanki a gida ba ya rasa masu saye. Sai dai wanda ya raba kifi da kogi ya ɗauki aikin kogin a kansa, kuma abubuwa uku ne ke yaƙarsa.

Na farko iska. Babbar tarwaɗa tana iya ɗagowa ta shaƙi iskar sama, shi ya sa take daɗewa a caɓi ba ta mutu ba. Amma 'ya'yanta sai sun yi makonni kafin wannan gaɓar ta fito musu. Kafin nan, da iskar da ta narke cikin ruwa kaɗai suke rayuwa. In injin hura iska ya tsaya a tankin da ke cike da dubban 'ya'ya, 'yan sa'o'i sun isa.

Na biyu zafi da sanyi. Tarwaɗa ta fi jin daɗi in ruwa na tsakanin digiri 26 zuwa 30. Mu kuwa a Afrilu zafi kan haura digiri 40, a hunturun Disamba da Janairu kuma dare kan sauko ƙasa da 20. Sanyi yana hana kifi cin abinci, yana jinkirta ƙyanƙyasa. Zafi yana korar iska daga ruwa: lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9 a digiri 20, amma a digiri 30 bai wuce bakwai da rabi ba.

Na uku wuta. Yawancin lantarkin arewacin Kamaru daga injinan Lagdo yake zuwa, kuma in ruwan madatsar ya ja baya da rani, abin da suke bayarwa yana raguwa. Tashoshin sola da aka buɗe a Marwa da Gidar a 2023 sun rage wahalar, amma duk wanda ke zaune a nan ya san ba a yi wa kuran alƙawari.

Wata rana da rani ina Garwa, aka ɗauke wuta bayan sallar isha, gida kowa ya yi barci. Da asuba uwargida ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa: "Maigida, na ɗakin ƙyanƙyasa sun tafi duka." Aikin wata guda ke nan, har an karɓi kuɗin wasu masu saye.

Dabarar da ta fito daga masu kiwon murjani

Babban ɗanmu yana karatun lantarki a Jami'ar Marwa. Shi ya zo da magana. Ya ce, "Baba, akwai mutanen da matsalarsu ta fi tamu, kuma sun daɗe da samo mata hanya."

Matanmu sun san murjani a matsayin tsakiya ta ado, amma asalinsa wata ƙaramar dabba ce ta teku mai gina wa kanta gida kamar dutse. Alhazan da suka leƙa gaɓar Bahar Maliya a Jidda sun tsaya kusa da irin waɗannan duwatsu masu rai. A Turai da Amurka da Asiya akwai masu sha'awar da ke kiwon murjani cikin akwatin gilashi a falonsu. Wannan kiwo ba ya yafe kuskure. Dole gishirin ruwan ya tsaya a kan giram 35 cikin kowace lita, kamar na teku, zafin kuma wajen digiri 25. In ruwa ya ƙafe kaɗan, gishiri ya yi yawa. In zafi ya ƙaru ya daɗe, murjanin ya yi fari fat, ya mutu. Saboda haka suke amfani da na'urar da ke auna ruwa, ta kunna wannan, ta kashe wancan, ta aika saƙo. Akwai ta kamfani, irin su Apex, mai tsadar gaske. Akwai kuma masu haɗa tasu, har suna da manhaja ta kyauta mai suna reef-pi.

Yaron ya ce, "Mu ba ruwanmu da gishiri. Mu ɗauki ƙa'idarsu kawai, mu ɗora ta a kan tarwaɗa."

Abin da ke cikin akwatin

Ƙwaƙwalwar akwatin wani ɗan allo ne mai suna Arduino, wanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005 domin ɗalibai. Bai kai tafin hannu ba. Ana rubuta masa umarni a kwamfuta sau ɗaya, ya riƙe.

Idanunsa uku ne. Akwai ma'aunin zafi mai lamba DS18B20, ɗan ƙarfe kamar guntun fensir a bakin waya, wanda ake jefawa cikin ruwa, kuma kuskurensa bai wuce rabin digiri ba. Akwai 'yan kwalabe masu iyo, irin na cikin tankin banɗaki, masu nuna ruwa ya sauka ko ya cika. Sai wata tsohuwar cajar waya da aka soka a bango: muddin tana ba da wuta, akwai kuran, in ta yi shiru akwatin ya san an ɗauke.

Hannuwansa su ne makunnan da ake kira rile, waɗanda ke ba ƙaramin allo damar kunna babban famfo. Bakinsa kuwa biyu ne: jiniya mai tada mai barci, da wani ɗan guntun waya mai lamba SIM800L da ake sa wa layi kamar kowace wayar hannu, ya aika saƙon tes. Wannan guntun yana da rigima ɗaya: lokacin aika saƙo yakan fizgi wuta har amfiya 2, don haka sai an ba shi tasa hanyar wuta ta kusan bolt 4, in ba haka ba ya riƙa mutuwa yana farfaɗowa.

Duka akwatin da injin hura iska a kan batir mai bolt 12 suke, ba a kan wutar bango ba. Ga lissafin yadda kowa zai gane. Injin iskarmu yana cin wat 25. A awa 24 ya ci 600 ke nan. Batir mai lamba 100 yana ɗauke da kusan 1200, amma irin wannan batir ba a shanye fiye da rabinsa in ana son ya yi shekaru. Wato zai riƙe injin kwana ɗaya cur. Muka haɗa masa faifan sola mai wat 200 a kan rufi, rana kuwa ba mu da ƙarancinta.

Wasu kayan daga Duwala aka aiko, wasu wani abokin ciniki ya taho da su daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Liƙin dalma wani mai gyaran waya ne ya yi mana a kasuwa. In ka cire batir da sola, kuɗin sauran bai kai na wayar hannu mai matsakaicin farashi ba.

Dokoki huɗu da muka aro

Haɗa waya ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce tunanin abin da zai faru ranar da akwatin da kansa ya lalace. A nan masu murjani suka fi amfanar mu.

Doka ta farko: in akwati ya mutu, kada kifi ya bi shi. Kowane rile yana da ƙafa biyu, ɗaya a haɗe take ko babu wuta, ɗaya a buɗe. Injin iska a kan ƙafar da ke haɗe muka ɗora shi, ta yadda ko allon ya ƙone, iska na ci gaba. Famfon cika ruwa kuwa a kan buɗaɗɗiyar yake, in allo ya mutu ya tsaya, kada ya cika tanki ya kwashe 'ya'yan kifi zuwa kwata.

Ta biyu: kada a yarda da shaida ɗaya. Kwalaba mai iyo tana iya maƙalewa saboda gansakuka. Shi ya sa muka sa biyu, ɗaya sama da ɗaya, muka kuma hana famfo yin fiye da minti goma a jere, ko me kwalaba ta ce.

Ta uku: a bar tazara. In ka ce wa na'ura ta kunna ɗumama ruwa a digiri 27 ta kashe a 27, za ta yi ta kunnawa da kashewa har rile ya ƙone. Tamu tana kunnawa a 26, ta kashe a 28. Da zafi kuma, in ruwa ya kai 32, sai ta saki sabon ruwa daga tankin ajiya da ke inuwa, ta buga jiniya.

Ta huɗu, wadda ta fi shafar matafiyi: shiru ba lafiya ba ne. Kullum da ƙarfe shida na safe akwatin yana aiko saƙo: zafin ruwa kaza, batir kaza, wuta akwai ko babu. Ranar da saƙon bai zo ba, mun san ko kuɗin layi ya ƙare, ko wani abu ya samu akwatin, sai a je a duba.

Wa ya kamata saƙo ya fara samu?

Da aka zo sa lambobi, yaron ya tambaya, "Baba, taka zan fara sawa?" Mahaifiyarsa ta ce, "Shi yana Garwa, me zai yi wa kifi daga can? Sa tawa." Gaskiya ta faɗa. Garwa da Marwa kusan kilomita 200 ne, kuma Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Yanzu saƙo yana fara zuwa wayarta, sannan tawa, sannan ta wani maƙwabci saboda ranakun da ta tafi biki ko asibiti. Mai ƙetara iyaka ya tuna cewa saƙo zuwa layin wata ƙasa ya fi cin kuɗi, a riƙa barin isasshen kuɗi a layin akwatin.

Tun da aka kafa shi, sau da yawa jiniya ta tashe ta cikin dare. Sau ɗaya tiyon iska ne ya cire, ruwa ya bi ta cikinsa ya fara tsiyayewa, kwalaba ta ba da labari. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Da babu jiniya, da sai dai a ƙirga asara da safe.

Abin da akwati ba zai yi ba

Ba ya jin wari. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin guba a ruwa, kuma na'urar auna ta kullum ta fi ƙarfin aljihunmu. Har gobe uwargida ce ke sunkuyawa ta shinshina ruwa, ta kalli yadda kifi ke rububin abinci, ta canja ruwa. Ba ya ware manyan 'ya'yan da ke cinye ƙannensu, wannan aikin hannu ne da rariya duk bayan 'yan kwanaki. Ba ya goge ƙurar hunturu daga kan faifan sola, wanda in an bar ta takan rage caji sosai. Tururuwa da ƙadangaru kuma suna son ɗumin cikinsa, dole a toshe kowace kafa.

Sai batun rai, wanda ya fi na kifi. Wutar bango a Kamaru bolt 220 ce, gidanmu kuma cike yake da yara masu wasa da ruwa ba takalmi. Duk abin da ya shafi wannan wuta ƙwararren mai gyaran lantarki muka kira ya yi. Ya sa mana makatsin da Faransanci ke kira disjonkta diferansiyel, mai miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta nan take in ta fara bin jikin mutum ko ruwa. Akwatin kuma an kafe shi sama a bango, inda ruwa ba ya fantsama kuma hannun yaro ba ya kaiwa. Wanda ba zai iya sayen wannan makatsi ba, ya tsaya a kan kayan bolt 12 kaɗai.

Ga mai son gwadawa

Kada a fara da komai lokaci ɗaya. A fara da injin iska a kan batir, domin shi kaɗai ya toshe babbar ƙofar asara. Bayan haka a ƙara jiniyar ɗauke wuta, sannan ma'aunin zafi, saƙon waya ya zo a ƙarshe. Kowane mataki a gwada shi mako guda a bokitin da ba kifi: a zare filogi da gangan, a zuba ƙanƙara, a ɗaga kwalaba da hannu, a ga ko akwatin zai yi abin da aka ce masa. A rubuta hanyar kowace waya a takarda a liƙa cikin murfin, saboda yaron da ya haɗa zai gama karatu ya tafi neman nasa. Sannan a koya wa mai kula da kifin yadda za ta cire akwatin gaba ɗaya ta haɗa injin iska da batir kai tsaye, da hannunta, cikin duhu. Irin wannan akwati yana iya gadin injin ƙyanƙyasar ƙwai ko firjin mai sayar da ƙanƙara, kuma a garuruwan da muke fatauci ba a rasa ɗalibin lantarki ko mai gyaran waya da zai iya haɗa shi.